Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

A gidan hayar da na tashi a cikinsa, a unguwar Ƙofar Guga ta birnin Katsina, akwai rijiya a tsakar gida wadda iyali huɗu ke sha daga gare ta. Mu kaɗai ne Kirista, sauran ukun Musulmi ne. Gugan rijiyar na roba ne, irin wanda ake yankowa daga robar cikin tayar mota a ɗinke bakinsa a kan zoben ƙarfe. Yana da doka guda ɗaya wadda kowane yaro a gidan ya haddace tun kafin ya san baƙi da wasali: ba a ajiye shi a ƙasa. In an gama ɗiba sai a naɗe igiyar a rataye shi a jikin wata gwafa da aka kafa a gefen rijiyar. Ba a wanki a cikinsa, ba a ba akuya ruwa da shi, yara ba sa wasa da shi. Bokitai da kwanoni suna ta birgima a tsakar gida, shi kuwa yana can sama a rataye.

Da ina yaro na ɗauka gata aka yi masa. Wata rana na gama ɗiba na yar da shi kusa da makwararar ruwan wanke-wanke, sai Mama ta kamo kunnena ta ce, "Kai, wannan guga komawa zai yi cikin ruwan da kowa ke sha. Duk abin da ya taɓa, gidan nan kaf ya sha shi." Na yi fiye da shekara ashirin kafin in gane cewa a ranar ta warware mini wata mas'ala ta addini wadda na yi ta tuntuɓe a kanta har na girma.

Mas'alar ita ce ta keɓewa. A ikilisiyarmu ta ECWA, kamar yadda yake a sauran ikilisiyoyi, ana koya wa mai bi cewa shi keɓaɓɓe ne, wato an ware shi domin Allah, kuma zaman tsarki shi ne shirin da yake yi na saduwa da Ubangijinsa. Tambayar da ta daɗe tana cin raina ita ce: wanda ya keɓe kansa, shiri yake yi ko kuwa gudu yake yi da sunan shiri? In kuma shirin ne, ta yaya mutum zai shirya wa ranar da bai san zuwanta ba, bai kuma san da wace fuska za ta zo masa ba? Amsar da nake da ita a wurin faɗuwa na samo ta, domin sau biyu na faɗi a kan wannan hanya, sau ɗaya ta dama, sau ɗaya ta hagu.

Kafin in kai ga faɗuwar, ya kamata mu ɗan tsaya a kan kalmar kanta. Lokacin da aka buga cikakkiyar fassarar Baibul ta Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya ba da shekaru masu yawa a kansa tare da abokan aikinsa, an sa mata suna Littafi Mai Tsarki. Kalmar tsarki ba baƙuwa ba ce, masu fassarar sun tarar da ita a bakin Bahaushe tana aiki biyu. Da ita ake ambaton ɗaukakar Allah wadda ba ta da aibi, da ita kuma ake kiran wanke jiki da ruwan buta bayan an kama ruwa. Kalma ɗaya ta haɗa abin da ya fi kome ɗaukaka da abin da ya fi kome zama na yau da kullum. Wanda ya tashi a Katsina, inda hasumiyar Gobarau ke tsaye tun ƙarnoni da suka wuce, ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan cewa tsayuwa gaban Allah tana son shiri. Sau biyar a rana nake ganin maƙwabtanmu sun tsuguna da buta kafin su fuskanci alƙibla. Koyarwarmu da tasu sun bambanta a wurare masu nauyi, ba kuma nufina in cakuɗa su ba, amma a wurinsu na fara ganin cewa shiri abu ne da ake yi da hannu, ana kuma maimaita shi.

Littafi Mai Tsarki ma haka ya ɗauki lamarin. A Littafin Fitowa sura 19, kafin Allah ya sauko a bisa Dutsen Sina'i, an umarci Musa ya sa jama'a su tsarkake kansu, su wanke tufafinsu, su zauna da shiri har rana ta uku. A Littafin Joshuwa sura 3, ana gobe za a haye Kogin Urdun, Joshuwa ya umarci mutane su keɓe kansu saboda abin da Ubangiji zai yi a cikinsu washegari. A Matiyu sura 25 kuwa Yesu ya ba da misalin 'yan mata goma masu jiran ango: dukansu suna da fitila, dukansu barci ya kwashe su, abin da ya raba su shi ne biyar sun yi guzurin mai tun da rana, biyar ba su yi ba. A duk waɗannan wurare tsarki yana duban gaba ne. Akwai abin da ke tafe, tsarkakewar kuma dominsa ake yin ta.

Faɗuwata ta farko ta same ni ina ɗan shekara goma sha tara. Na dawo daga wani taron matasa zuciyata cike da wuta, na kuwa fahimci keɓewa a matsayin ganuwa. Na daina zama a majalisar abokan da muka yi wasan ƙasa tare. Na daina cin abincin da maƙwabta ke aiko mana da Sallah. Gaisuwata ta gajarce har ta koma ɗaga hannu. Da lokacin baftismata ya matso, na ɗaura wa kaina azumi da addu'a na kwana uku, na ce ba zan fita ɗaki ba, ba zan yi magana da kowa ba, ko da yake ba fasto ba dattijon ikilisiya da ya umarce ni da haka.

Da asubahin rana ta farko Allah ya yi wa maƙwabcinmu rasuwa. Mai sayar da hatsi ne a kasuwa, Malam muke ce masa, ɗansa kuma shi ne babban abokina tun muna rarrafe. Shi ne ya nemo mota cikin tsakar dare ya kai Mama asibiti lokacin da haihuwar ƙanwata ta zo da gardama, Baba kuwa ba ya gari. Daga cikin ɗakina na ji salatin mata, na ji takun maza da suka ɗauki makara suka fita da ita ta zaure. Na ƙara jan ƙofa, na ce wa kaina jarraba ce aka aiko don ta karya mini alkawarin da na yi wa Allah. Kwana uku ana zaman makoki a kan tabarmi a ƙofar gida, ni kuwa ina ciki ina neman tsarki, bango ɗaya tak tsakanina da maraya.

A rana ta uku, bayan an yi addu'a an raba sadaka, Baba ya shiga ɗakinsa ya fito da wani gwangwani naɗe a cikin ƙyalle. A gaban limamin unguwa da magada ya kwance shi. Kuɗi ne masu yawa da takardar wata gona, Malam ya ba shi ajiya shekara biyu kafin rasuwarsa, babu shaida, babu rubutu, ko matarsa ba ta sani ba. A lokacin ana bin mu kuɗin haya na watanni, kuɗin makarantata kuma bai haɗu ba. Baba ya ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa, ya koma shagonsa ya hau keken ɗinki.

Da dare ya leƙo ɗakina ya ce, "Ka gama azumin?" Na ce, "Na gama, Baba." Ya ce, "To, ka tashi ka je ka yi wa ɗan'uwanka gaisuwa." Na jawo masa ayar nan ta wasiƙar Bulus wadda ke maganar haske da duhu. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Mutumin da ya ɗauki uwarka cikin dare ya kai ta asibiti, shi ne duhun?" Washegari na je, na tarar an naɗe tabarmi. Abokina ya saurare ni har na gama, ya ce, "Mun gode," da irin muryar da ake gode wa baƙo.

A cikin kwana ukun nan an yi ibada iri biyu a gida ɗaya, kuma ba sai an tambayi malami ba kafin a san wadda ta yi kama da Almasihu. A Luka sura 10, mutum biyu da suka ratse suka bar wanda 'yan fashi suka raunata a gefen hanya, firist ne da Balawe, wato mutanen da aikinsu ke nan hidimar Haikali. Masu sharhi da dama suna ganin tsoron ƙazantuwa da taɓa gawa na cikin abin da ya sa suka ratse. Ko ma mene ne dalilinsu, Yesu bai zaɓe su abin koyi ba, Basamariye ya zaɓa. Annabi Ishaya ma, a sura 58, ya tsawata wa masu azumin da ke sunkuyar da kai alhali sun juya wa mayunwaci da ɗan'uwansu baya. Na san waɗannan surori a lokacin, har ina iya faɗin shafin da suke. Abin da ban sani ba shi ne labarina suke bayarwa. Na rataye kaina a gwafa na ƙi sauka rijiya, na kuma kira wannan tsarki. Hausawa sun riga sun yi wa irin wannan hali suna, inda suka ce rijiya ta bayar, guga ya hana.

Da kunyar wannan abu ta kama ni, sai na yi abin da masu kunya suka saba yi, na tsallaka zuwa ɗaya gefen. Na ce ai tsarki a zuciya yake, Allah kuma zuciya yake dubawa, saboda haka duk wata ƙa'ida ta zahiri aikin Farisiyawa ce. Addu'ar safe ta koma sai in na samu sukuni. 'Yar ƙaramar ƙarya ta kare kai ta daina yi mini nauyi. In na makara wurin aiki sai in rubuta lokacin da ya kamata in zo. In aka aike ni saye, ragowar canji kan kwana a aljihuna har in manta da mai shi. A cikin waɗannan duka ba wanda ya kai a kira shi babban laifi, ina kuma zuwa sujada ran Lahadi ina rera waƙa da murya mai ƙarfi.

Faɗuwata ta biyu ta zo ina aikin kula da ɗakin ajiya a wani wurin gini. Mota ta sauke buhun siminti 150, takarda kuma ta ce 200. Wanda ke sama da ni ya miƙo mini biro ya ce in sa hannu, za a daidaita daga baya. Abin da ya fi ba ni tsoro, in na tuna, shi ne ban yi wata gwagwarmaya ba. Na taɓa zaton ranar jarraba za ta zo da ganga da kakaki, in tsaya in yi addu'a, in auna, in zaɓa. Ta zo ne da tsakar rana, direba yana hura oda, leburori suna jira, kafin in yi numfashi uku hannuna ya riga ya sa hannu. Daga baya an ba ni kasona a cikin ambulan, na karɓa. Na yi wata biyu ba na iya cin Jibin Ubangiji, sannan na je na faɗa wa wani dattijon ikilisiyarmu, na mayar da abin da na karɓa, na bar aikin. Buhu hamsin ɗin nan kuwa ba su koma cikin ginin ba, har yau kuma mutane suna shiga suna fita a ƙarƙashin rufinsa.

A nan ne wata magana ta Baba ta dawo mini. Shekaru bayan rasuwar Malam na taɓa tambayarsa ko zuciyarsa ba ta raya masa kome ba game da gwangwanin, ganin halin da muke ciki. Ya ce, "Wannan shawarar tun a kan ƙyalle na gama ta." Baba tela ne. Shekara talatin yana ɗinki, duk ragowar yadin da ya saura, ko da bai wuce tafin hannu ba, sai ya ninke shi ya sa a cikin aljihun rigar mai ita. Ana saura mako biyu Sallah yake daina karɓar ɗinki, lokacin da sauran teloli ke tara yadudduka har rufi suna rantsuwar da suka san ba za su cika ba. Muna yara muna ganin wannan asara ce, wani lokaci ma Mama kan yi ƙorafi. Ashe kowane ƙyalle da ya mayar, hannunsa yake koya wa hanya. Da babbar amana ta zo, hannun ya bi hanyar da ya sani, kamar yadda nawa ya bi wadda na koya masa.

Wannan ce amsar tambayata ta biyu. Mutum ba ya iya shirya wa ranar da bai sani ba ta hanyar hasashen siffarta, domin ba za ta zo da siffar da ya zata ba. Abin da yake iyawa shi ne ya shirya mutumin da ranar za ta tarar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aristotal, masanin falsafar Girka wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Almasihu, ya koyar da cewa da aikata adalci ake zama mai adalci, kamar yadda da gini ake zama magini. 'Yan matan nan biyar ma ba a tsakar dare suka zama masu hikima ba, tsakar dare ta tona abin da suka yi da rana ne kawai.

Sai dai mai karatu yana da haƙƙin ya tare ni da ƙalubale biyu, kuma dukansu suna da ƙarfi.

Na farko: in haka ne, me ya raba zaman tsarki na Kirista da kirki na kowa da kowa? A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya lissafa halaye irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya, mutunci da adalci. Malam maƙwabcinmu yana da waɗannan, na kuma san Maguzawa a karkarar Malumfashi da suke da su. Ba ni da ja a kan wannan. In an dubi aikin daga waje, amanar Baba da amanar Malam ba su da bambanci, ina kuma ganin girman kai ne Kirista ya ce tasa ta fi tsabta. Bambancin da nake iya shaidawa yana wajen tambayar ko mutum na wane ne. Kirki yakan jingina da mutunci, wato da idon jama'a da sunan gida, wannan kuma ginshiƙi ne mai kyau. Keɓewa tana cewa ni ba mallakar kaina ba ne, an saye ni, saboda haka hannuna da harshena da lokacina kayan wani ne da aka ba ni riƙo. Wanda ya gaskata haka, ɗakin da ba kowa da tsakiyar kasuwa ɗaya ne a wurinsa. Musulmi mai tsoron Allah zai ce shi ma bawa ne, ya kuma san mai ganinsa a ɓoye, ba zan musa masa ba. Abin da na sani shi ne, ga Kirista siffar wannan bauta Yesu ne, mai bi kuma ba shi da izinin ƙirƙiro wani tsarki wanda bai yi kama da nasa ba.

Yaya nasa yake? A Markus sura 1 kuturu ya zo wurinsa, Shari'ar Musa kuwa ta ware kuturu daga jama'a a matsayin marar tsarki. Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi. Maimakon ƙazanta ta hau mai tsarki, sai tsarki ya sauka a kan mai ƙazanta. Wannan ya juya alƙiblar maganar gaba ɗaya. A ƙarni na 4, lokacin da masu neman Allah da yawa suka fita hamadar Masar don su kaɗaita, Basil, bishop na Kaisariya a ƙasar da yau take cikin Turkiyya, ya tambayi mai zaman kaɗaici ƙafar wa zai wanke in shi kaɗai yake, ya kuma gina wurin kula da matalauta da marasa lafiya a bakin birninsa. Mu ma a nan muna da namu misalin. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM, wadda daga cikinta ECWA ta fito a 1954, ta karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, kamar yadda ta yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Tarihin mishan a zamanin mulkin Turawa yana da nasa tabo, ba kuma zan wanke shi ba. Amma a cikin waɗanda suka zauna suna wanke gyambo da ɗaure yatsun da suka guntule akwai 'yan ƙasa da suka fahimci keɓewa fiye da yadda na fahimce ta a cikin ɗakina.

Ƙalubale na biyu daga cikin gida yake fitowa. Ɗan'uwa mai bi zai ce: ashe ba ta wurin alheri aka cece mu ba? In ka ɗora nauyi haka a kan ƙyalle da canji da lokacin zuwa aiki, ba ka mai da ceto ladan aiki ba? Amsata tana bakin Kogin Urdun. Jama'a sun tsarkake kansu, amma ba tsarkinsu ne ya datse kogin ba. Guga ba ya haifar da ruwa, kome tsabtarsa, in rijiya ta ƙafe wofi zai hauro. Abin da tsabtarsa ke yi shi ne ta bar ruwan ya iso bakin mai ƙishi kamar yadda rijiya ta bayar da shi. Bulus ya faɗi makamancin wannan a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, sura 2, inda ya kwatanta mai bi da kayan gida da aka tsabtace aka ajiye a shirye domin maigida ya yi aiki da su. Ni shaida ne cewa alheri yana tarar da wanda bai shirya ba, domin ya tarar da ni bayan siminti. Amma ni shaida ne kuma cewa gafarar da na samu ba ta mai da buhu hamsin cikin bango ba. Wanda ya ƙi shiri yana taƙama da alheri, wasu ne ke shan abin da ya taɓa.

A watan Oktoba na 2023 Fafaroma Francis ya yanki Dayosis ɗin Katolika na Katsina daga na Sakkwato, a watan Disamba kuma aka keɓe Gerald Mamman Musa ya zama bishop ɗinsa na farko. Ni ba ɗan Katolika ba ne, amma tsarin irin wannan keɓewa ya ba ni abin tunani. Wanda za a keɓe yakan kwanta rubda ciki a ƙasa ana addu'a a kansa, a buɗe Littafin Bishara a bisa kansa, a shafa masa mai, sannan a ba shi sandar makiyayi. Farkon ɗaukakar kwanciya ce a ƙasa, ƙarshenta kuma sandar kiwo, makiyayi kuwa ba ya kiwo daga cikin ɗaki. Bikin yini ɗaya ne, kamar yadda baftismata ta kasance ta yini ɗaya. Abin da aka furta a yinin, sauran kwanakin rayuwa ne za su gaskata shi ko su ƙaryata shi.

Kada a fahimce ni da cewa keɓewa ba ta da "a'a" a cikinta. Tana da shi, wanda kuma ba ya iya cewa a'a bai keɓu ba. Dokar gugan nan ta hani ce: kada ya taɓa ƙasa. Akwai wuraren da mai bi ba zai je ba, akwai ribar da ba zai ci ba, akwai takardar da ba zai sa wa hannu ba ko da aikinsa zai tafi. Akwai kuma lokacin shiga ɗaki a rufe ƙofa, domin Yesu da kansa yakan janye zuwa wurin da ba kowa ya yi addu'a kafin ya koma cikin taro. Kuskurena na farko shi ne na ce a'a ga mutane, na biyu kuma na kasa ce wa zunubi a'a. Wasiƙar Yakubu, a ƙarshen surarta ta farko, ta ɗaure abu biyun nan a igiya ɗaya, kula da marayu da gwauraye a cikin wahalarsu, da kiyaye kai daga ƙazantar duniya. Na gwada riƙe kowanne shi kaɗai, kowanne kuma ya kubce mini. Magabatan da suka gina ganuwar Katsina sun san amfanin katanga, amma sun bar mata ƙofofi, har unguwarmu ta ci sunan ɗaya daga cikinsu.

Wannan magana tana da nauyi na musamman ga Kirista Bahaushe, wanda sau da yawa shi kaɗai ne a layinsu ko a wurin aikinsu. Maƙwabcinsa ba zai shiga majami'a ya ji wa'azi ba, ba zai buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Abin da zai sani game da Almasihu shi ne abin da ya hauro a cikin gugan da ke kusa da shi: ko ana cika alkawari, ko mudu ya cika, ko an zo gaisuwar mutuwa. Abokina bai taɓa karanta Luka sura 10 ba, amma a mako ɗaya ya ga firist ya ga Basamariye, dukansu daga ɗaki ɗaya suka fito.

Bara na je shagonsa a kasuwa, inda ya gaji mahaifinsa a sayar da hatsi. Na ce masa gaisuwar da na kawo a makare shekarun baya, na zo in nemi gafararta. Ya yi shiru yana daidaita bakin mudu da tafin hannunsa, sannan ya ce, "Ya wuce. Ai Baba ya wakilce ku." Ya tambayi jikin Baba, ya auna gero tiya biyu ya ce in kai masa, ya ƙi karɓar kuɗi. Ba mu koma yadda muke ba, ban kuma sa rai za mu koma ba. An daɗe da rufe rijiyar gidan, yanzu 'yan garuwa ke kawo ruwa. Baba idonsa ya yi rauni, ya bar wa ƙanena keken, amma in ya zauna a bakin shagon yakan lallaba aljihun rigar da aka gama kafin a miƙa wa mai ita, ya ji ko ƙyallen yana ciki.